Yaran da Ke Koya wa Ƙarfe Ladabi

A shekarar 1920 wani marubuci mai suna Karel Capek, mutumin ƙasar Cek, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan waɗansu bayi da aka ƙera don su yi wa mutane bauta. Daga wasan nan ne Turawa suka sami sunan da suke kiran mutum-mutumi mai aiki da kansa. A lokacin tatsuniya ce, amma yanzu abin ya shiga har ajin 'yan makaranta.

Akwai wani irinsa da ake kira NAO, wanda kamfanin Aldebaran na birnin Faris ya ƙera. Tsawonsa santimita 58, watau kamar jinjiri. Yana da idon ɗaukar hoto biyu, da kunnuwan ɗaukar magana huɗu, da gaɓoɓi masu motsi. Tun 2008 aka sa shi gasar ƙwallon ƙafa ta RoboCup, daga baya makarantun sakandare na Turai da Amurka suka saye shi don koyarwa.

To, ga yadda darasin yake. Malam ya ce wa yara su sa NAO ya gai da baƙo. Yaro ya ɗauka abu ne mai sauƙi, sai ya zauna gaban kwamfuta ya tarar ƙarfe bai san kome ba sai abin da aka rubuta masa. Tilas ya rarraba gaisuwa daki-daki: in ka ga fuska, juya kai wajenta, ɗaga hannu, faɗi gaisuwa, yi shiru har baƙo ya amsa. In ya manta da umurnin jira, sai mutum-mutumin ya katse wa baƙo magana. In bai rubuta masa ya riƙa kau da kai ba, sai ya zura wa mutum ido har ya tsargu. Kowane kuskure kuwa na yaron ne, dole ya koma ya nemo inda ya karkace, ya gyara, ya sake gwadawa.

Ta haka yaro ke koyon lissafi da tsara umurni, amma akwai ribar da ta fi wannan. Yakan gane ladabin da ya sha tun a nono ilmi ne mai zurfi, kuma kowace al'umma da nata: mutumin Japan rusunawa yake yi, Bafaranshe kuwa hannu yake miƙawa. Wanda ya rubuta umurni, shi ya zaɓi al'adar da ƙarfen zai bi. Yaron da bai iya gaisuwa ba, me zai rubuta?

Sai dai mai karatu ya lura. NAO yana iya tambayar lafiyar mutum, amma ba ya damuwa da amsar. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa daga zuciya take fitowa. Wannan kam ba a rubuta shi a kwamfuta, aikin iyaye ne da malamai. Allah ya shirya mana zuriya, amin.