Rabin Maganar da Muka Kai Gida

Mu bakwai ne 'ya'yan Baba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce wash a cikinmu sai a daminar 2021. Yana duƙe yana noma a gonarsa ta bayan gari a Damaga, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Gumi ya jiƙa masa riga, ciwon ya gangaro hannun hagu. Ya lallaɓa gindin tsamiya ya zauna har abin ya lafa, ya dawo gida ya ce gyambon ciki ne. Inna ta jiƙa masa kanwa. Sai da aka kwana biyu ana haka kafin ƙanenmu ya kira mu a Kano, inda muke zaune muna sana'ar rubuta manhajar kwamfuta.

A kan babur aka ɗauko shi zuwa Mafara, daga nan aka sa shi a mota zuwa Gusau, mu ma can muka tarar da su. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zano bugun zuciyarsa a takarda. Likita ya duba ya ce ba gyambon ciki ba ne. Ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da ita kanta zuciyar jini ce ta toshe, wani sashe na naman zuciyar ya mutu. Ya ce inda ake da kayan aiki, ana so a buɗe irin wannan jijiyar cikin minti 90 da isowar mutum ƙofar asibiti. Mu kuwa kwana biyu muka yi muna ba da kanwa. Da aka ga ko banɗaki Baba ya taka sai ciwon ya motsa, aka rubuta mana takarda zuwa Abuja. Muka sayar da shanun huɗa biyu da fili ɗaya, muka bi ta Tsafe, Funtuwa, Zariya da Kaduna, tafiyar wuni guda.

A ɗakin jira muka yi abin da muka iya, wato karatu a waya. Nan muka san cewa aikin da za a yi wa Baba ya faro ne daga wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, wanda a 1929 ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, don ya nuna mutum ba zai mutu ba. A watan Satumba na 1977, a birnin Zurik, Andreas Grüntzig ya ɗaura ɗan mitsitsin balan-balan a bakin irin wannan bututun, ya kai shi inda kitse ya daskare a jijiyar zuciyar wani majinyaci, ya hura, hanya ta buɗe ba tare da an tsaga ƙirji ba. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyar kan sake tsukewa cikin 'yan watanni. A 1986 aka fara barin 'yar ragar ƙarfe a wurin don ta tokare bangon jijiyar, abin da likitoci ke kira sitent. Ita ma sai tsoka ta riƙa tsirowa ta cikinta kamar tabon rauni. Daga nan aka shafa wa ragar maganin da ke hana wannan tsiron, aka amince da ita a Amurka a 2003, sake tsukewar ta ragu zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma.

Nan ma ba a tsira ba. Maganin da ke hana tabo shi ne kuma ke jinkirta fatar cikin jijiya ta lulluɓe ƙarfen, jini kuwa in ya haɗu da ƙarfe tsirara yakan dunƙule. A 2006 likitocin zuciya suka tayar da wannan maganar a babban taronsu na Basalona. Har wata raga aka ƙera mai narkewa da kanta a jiki, amma a 2017 aka janye ta daga kasuwa saboda an ga gudan jini ya fi kama ta. Wannan labarin bai ba mu mamaki ba, don a sana'armu ma sau da yawa in ka toshe wata ɓaraka, toshin ne ke buɗe wata. Mun karanta, mun gane, muka kuma ajiye shi a ranmu a matsayin tarihi.

Da za a shiga da Baba, mu aka sa tafinta. Mutumin da ya yi shekaru yana noman rani a ƙarƙashin dam ɗin Bakalori ba ya bukatar dogon bayani. Muka ce masa, "Baba, kamar kwatar ruwa ce yashi ya cike ta, shinkafar da ke can ƙarshe ta fara bushewa. Za su shiga su buɗe, su sa abin da zai tokare bakin." Ya gyaɗa kai ya ce a bismillah.

Ta wuyan hannu aka shiga, idonsa biyu. Aka tura ruwan rini cikin jijiyoyin don su fito a hoto, muka ga wurin a allon na'ura, ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare. Ragar da aka sa ba ta wuce ɗan sifirin ɗin cikin biro ba. Ba a cika awa guda ba aka fito da shi. Washegari ya taka tun daga gadonsa har bakin ƙofar asibiti, ya dawo yana dariya.

Ranar sallama likita ya zaunar da mu ya yi magana mai tsawo da Turanci. Ya ce ragar hanya ɗaya ta buɗe, cutar tana nan, don haka maganin hawan jini da na rage kitse sun zama na kullum. Ya ɗaga ƙwayoyi biyu, asfirin da kulofidogirel, ya ce su ne ke hana jini dunƙulewa a kan ƙarfen, a sha su shekara guda ba fashi. Ya ce za su sa jini ya yi wuyar tsayawa, saboda haka ko haƙori za a cire a sanar da shi, in an ga baƙin bayan gida a garzayo. Ya maimaita har sau biyu cewa in aka daina su a watannin farko, ragar na iya toshewa farat ɗaya, kuma irin wannan toshewar tana kisa.

Baba ya dube mu ya ce, "Mi ya ce?"

Muka ce, "Ya ce an gyara, Baba. Sai dai a riƙa shan magani."

Har yau muna juya wannan amsar. Tausayi ne ya sa, da kuma nauyin baki. Mutum ya rabu da shanunsa da filinsa, ga shi yau ya fara dariya, ta yaya ɗa zai dubi idon mahaifinsa ya ce abin da aka saya da dukiyar nan yana iya zama ajalinsa? Muka ce a ranmu sauran bayanin mu za mu riƙe, tunda mu ne 'yan boko.

Muka kuwa tsara abin yadda muka saba. Muka rubuta 'yar manhaja mai tura saƙo wayar ƙanenmu kullum ƙarfe shida na safe: a ba Baba magani. Duk ƙarshen wata mu sayi na wata ɗaya a kemis a Kano, mu ba direba a tasha, mu kira ƙanenmu ya tare shi a Mafara. Wata biyu abin yana tafiya daidai, har muna nuna wa abokan aiki.

Ranar 3 ga Satumba, 2021, aka katse layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. An riga an rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da man fetur. Manhajarmu ta ci gaba da tura saƙonta kowace safiya, babu mai karɓa. Muka kwantar da hankalinmu da cewa akwai sauran magani a gida.

Akwai ɗin kuwa. Abin da ba mu sani ba shi ne, a makon nan Baba ya ji jikinsa ya yi nauyi, ya kira wanzami ya yi masa ƙaho kamar yadda ya saba duk shekara. Jini ya ƙi tsayawa har la'asar, bayansa ya yi baƙi-baƙi. Masu zuwa dubiya suka ce wannan ƙwayar Bature tana tsinka jini. Wanzami ba shi da laifi, babu wanda ya gaya masa. Inna ma ba ta da laifi. Baba ya auna maganar da abin da muka ba shi, ya ce tunda an gyara, ba ya ga amfanin ƙwayar da za ta tsiyaye masa jini. Ya ajiye duka biyun. Ƙanenmu ya so ya tambaye mu, babu layi.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da dawowarsa daga sallar asuba, ya yanke jiki ya faɗi a zaure. Kafin a samu mai a babur, a kai Mafara, a samu motar Gusau, rana ta take. Allah ya sa an isa cikin sa'o'in da allurar narkar da gudan jini ke aiki, aka yi masa. Mu ba mu ji ba sai bayan kwana biyu, da wani ɗan'uwa ya fita daga jihar ya samu layi.

Muka sake bin hanyar Abuja. A allon nan dai muka ga ragar, ga ragowar gudan jini maƙale a cikinta. Aka sake hura balan-balan aka buɗe. Amma hoton zuciya ya nuna ƙarfin harba jininta ya ragu sosai, naman da ya mutu kuma ba ya dawowa. Likita bai yi faɗa ba. Ya dai tambaya, wa ya ce masa zai iya dainawa? Muka sunkuyar da kai.

A daren nan muka zauna bakin gadon Baba muka fassara masa maganar da aka yi wata uku da suka wuce, ba mu rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ku da kunka kawo misalin kwata, kun taɓa ganin kwatar da aka yashe sau ɗaya a bar ta? Da kun hwaɗa man haka, ai da na gane. Ni ba yaro ba ne."

Ba mu da amsa, kuma bai sake tayar da zancen ba.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mana da labarin an ce a sa wa nasa raga, mukan gaya masa abin da muka sani duka. Ga wanda jijiyarsa ta toshe yanzu, aikin nan ceton rai ne, kuma kowace sa'a tana da tsada, don haka nauyin ƙirji mai zuwa da gumi ba abin jiƙa kanwa ba ne. Ga wanda ciwonsa ke zuwa kawai in ya yi aiki ya kuma lafa in ya huta, manyan bincike biyu da aka wallafa a 2007 da 2020 sun nuna raga ba ta fi magani kaɗai tsawaita rai ba, ko da yake takan rage ciwon. Irin wannan yana da damar ya zauna da likita ya yi tambaya kafin ya sayar da gona. Mukan ce ya tambayi lafiyar ƙodar majinyacin, don ruwan rinin nan yakan taɓa ta. Mukan kuma ce ya lissafa kuɗin ƙwayoyin shekara guda tare da kuɗin aikin, ya kuma tabbatar mai jikin da wadda ke ba shi abinci sun ji bayanin da kunnensu, da Hausa.

Manhajar mun kashe ta. Yanzu maganin wata uku muke kaiwa lokaci guda, Inna ke riƙe da shi a cikin wani kwanon sha mai murfi da ke ƙarƙashin gadonta. Ba ta karatun boko, amma ta san kowace ƙwaya da kamanninta da aikinta, ta kuma san wadda ba a fashinta ko da me. In saura na wata ɗaya, ita ke aiko mana. Da azumi ya zo, ita ta sa muka tambayi likita, ya mayar da shan maganin lokacin buɗa-baki. Wanzamin ma ita ta aika aka gaya masa, yanzu aski kaɗai yake zuwa yi, shi ma a hankali.

Baba bai sake riƙe fartanya ba. Da damina ƙanenmu kan ɗauke shi a babur ya ajiye shi gindin tsamiyar nan, ya zauna a kan buzu yana nuna inda ba a yi huɗa da kyau ba. Zuwanmu na ƙarshe mun tarar da shi can, wani maƙwabcin gona ya tsaya yana tambayarsa ko gaskiya ne akwai ƙarfe a zuciyarsa. Baba ya ce akwai, ya nuna masa ɗan tabon wuyan hannunsa. Mutumin ya ce to ai shi ke nan, an gyara. Baba ya waiwayo ya dube mu, sannan ya ce wa mutumin ya samu wuri ya zauna, maganar tana da tsawo.