Danja, inda ba a gudun kuturu

Ƴan'uwa mata, duk wadda ta taɓa bin kwaltar da ta tashi daga Maradi ta nufi Ɗan Isa da iyakar Najeriya ta wuce ta gefen Danja, ko da ba ta lura ba. Tafiyar kusan kilomita 15 ce, kafin goron bakinki ya ƙare kin iso. Mu dai mun sha wucewa, muna jin ana cewa can ne asibitin kutare. Sai bana, bayan an kai amfanin gona gida, munka haɗa kuɗin mota, Musulminmu da Kiristanmu, munka tafi gaida ɗiyar wata ƴar ƙungiyarmu da aka yi wa aikin yoyon fitsari.

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ita ta kafa wannan wuri tun shekarun 1950 domin masu kuturta. Lokacin nan kuwa wanda cutar ta kama, bayan gari ake yi mishi bukka, a ware mishi ƙwarya da tabarma. A 2012 aka ƙara sashen matan yoyon fitsari. Kun ga ke nan, cututtuka biyu da mutane ke ɓoyo saboda kunya sun haɗu a gida ɗaya.

Abin da munka fara lura da shi hannu ne. Ma'aikata suna miƙa wa kowa hannu, mai yatsu biyar da wanda dungu kawai ya rage mishi. Ƙarƙashin inuwa mun tarar da wasu sun tsoma ƙafafu cikin ruwa, in fata ta yi laushi su goge kanta, su shafa mai, su duba ko akwai rauni. Kullum haka ake yi, ga dalili. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba cin kifi da nono ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce da wani likitan Norway mai suna Hansen ya gano a 1873, kuma jijiyoyin jin zafi take kashewa. Mace za ta ɗauki tukunya daga wuta ba ta ji ba, ta taka ƙaya ta wuni a kanta, rauni ya ruɓe, a hankali yatsa ya tafi. Wani likita Kirista ɗan Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ya nuna wa duniya haka, har yana ɗaukar jin zafi a matsayin kyauta daga Allah. Yau akwai magani, kyauta ne, wata 6 ko 12 ake sha, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa cutar. In kin ga tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, kar ki jira.

Munka tambayi abokiyarmu Kirista, wadda ke riƙe da ɗaya daga cikin mabuɗan akwatinmu, mi ya sa mutanensu sunka zaɓi aikin da kowa ke gudu. Ta ce cikin Linjila akwai labarin kuturun da ya zo wurin Yesu Almasihu, kuma kafin ya warke sai da Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Akwai kuma ranar da almajirai sunka ga wanda aka haifa makaho, sunka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya nuna musu ba laifin kowa ba ne, aikin Allah ne zai bayyana ta kansa. Wanda ya fi tsaya muna a rai shi ne na Manzo Bulus. Yana da wata damuwa a jiki da ya kwatanta da ƙaya, ya roƙi Allah sau uku a cire mishi, ba a cire ba. Da ita ya ci gaba da aikinsa, ya kuma koyar cewa wurin da mutum ya gaza, nan ikon Allah ya fi fitowa fili.

Wannan na ƙarshe ya dace da Danja. Magani yana kashe ƙwayar kuturta, amma yatsan da ya tafi ba ya komowa. Akwai ma matan da aikin yoyo bai kama musu gaba ɗaya ba. In sai wanda ya warke sarai ke da amfani, to waɗannan fa? Abokiyarmu ta ce a bangaskiyarsu ba a jiran warkewa kafin mutum ya zama mai daraja, da dungun hannun nan ma Allah yana da aikin da zai yi. Mu Musulmin cikinmu mun san haƙuri da jarrabawa, shi ya sa maganar ba ta yi muna baƙunta ba, ko da yake kowa da tafarkinsa.

A sashen mata munka ga maganar ido da ido. Doguwar naƙuda ke kawo yoyo: kan jariri ya danne mafitsara kwana biyu ko uku, nama ya mutu, ƙofa ta buɗe. Sau da yawa jaririn ma ba ya rayuwa, miji ya juya baya, a daina cin abincin da ta dafa. To wa ke lallashin sabuwar zuwa da ta rufe fuska tana kuka? Wadda ta riga ta kwanciya ce, don ta san warin, ta san kunyar. Mun ga suna koyon ɗinki da saƙa da ƙidaya tare. Kuma in ta koma ƙauye, ita za ta iya shiga ɗakin da wata ta ɓuya shekaru, ta ce mata tashi, ana gyarawa. Likita duk iliminsa bai san hanyar wannan ɗaki ba.

Yanzu mu dubi tabarmarmu ta zubi. Gurguwa nawa ke zama a kanta? Makauniya nawa? Akan ce ba za su iya biyan bashi ba, alhali ba a taɓa gwada su ba. Mun saba miƙa musu sadaka ranar Juma'a, mu wuce. Magabata kuwa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Wadda ke da zubinta da ƴar sana'arta, ba wanda zai kore ta daga bakin kasuwa.

Ga shawarar da munka yanke, muna miƙa ta ga sauran ƙungiyoyi daga Damagaram har Tahoua da Yamai. Kafin a buɗe sabon zagaye, kowace ƙungiya ta nemi mace ɗaya mai naƙasa ko wadda yoyo ya ɓoye a unguwarta, a gayyace ta a matsayin cikakkiyar ƴar ƙungiya mai baki a taro. In tafiya na yi mata wuya, a kai taron ƙofar gidanta. In zubin ya yi mata nauyi, ta fara da dala ashirin. Makauniya tana riƙe lissafi a ka fiye da yawancinmu, a ba ta wannan aiki. Wadda kuma ke buƙatar zuwa Danja, akwatin taimako ya biya mata mota, ɗayanmu ta raka ta. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa albarka cikin zubinmu.