Takobin Guga: Yadda jikan maƙeri ya zana makami na 15

A lokeshin ba wanda ya damu da sunan sa. "Kai mai takobi!" kawai ake ce masa. Matashi ne ɗan Kibiya, kuma aikin sa haɗa kayan yaƙi idan za a shirya fim na gargajiya: ya samo katako ya fere, ya shafa masa fenti ruwan azurfa, ya naɗe ƙotar da tsumma. Duk sa'ad da aka zo ɗaukar fim a duwatsun Rano, shi ake nema. Daga nesa kyamara na rufa asiri, amma da ta matso kowa ya san wasan yara ne.

In babu shutin, a shagon gem na wani abokin sa a Rano ya ke yini. Wasan da ya ɗauke masa hankali shi ne Monster Hunter, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fara fitarwa a 2004 a kan PlayStation 2, har aka yi fim ɗin sa a 2020 da Milla Jovovich da Tony Jaa. Kai ne mafarauci: ka kashe dodo, ka kwashi fata da ƙaho da ƙashi ka kai wa maƙeri, shi kuma ya ƙera maka makamin da ya fi na da. Makaman kala 14 ne, kuma tun 2013 ba a ƙara sabo a manyan fitowar wasan ba, har Monster Hunter Wilds na 2025. A ciki akwai ƙaton takobi mai nauyin tsiya, da dogo siriri irin na jaruman Japan, da gajere mai garkuwa, da 'yan tagwaye. Babu ko ɗaya mai kama da na Bahaushe.

Wannan abu ya tsaya masa a rai. Sai ya sayi littafin rubutu na 'yan firamare, ya ce shi zai zana na 15. Sati biyu ya na fama. Ya zano wani jibgegen takobi da ya fi mutum tsawo, mai haƙora kamar zarto, ya manna masa dagin Arewa a ƙota. Ya kai wa kakan sa, tsohon maƙeri wanda yanzu fartanya da lauje da gatari su ka zame masa abin yi.

Tsoho ya juya littafin sama da ƙasa, ya ce, "Abokina, wannan ƙyauren shagon wa ka ɓallo?"

"Haba tsoho, takobi ne fa! Na kashe dodo."

"Wane dodon? Ina ya ke kwana? Me ya ke ci?"

Gogan naka ya yi tsuru-tsuru. A nan ya gane abin da ya aikata. Shi da kullum ya ke zagin furodusoshi a kan satar labarin Indiya, ga shi ya ɗauko takobin Japanawa ya sa masa hula.

Tsoho ya shiga ɗaki ya fito da wani takobi cikin tsohon kube, irin wanda mahaya ke ratayawa da hamila ranar hawan sallah. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsinin sa a zagaye, ga kwari-kwari a tsakiyar ruwan sa don rage nauyi. Ya ce, "Riƙe ka ji. Na sara ne, ba na suka ba. Suka aikin mashi ne. Maƙeri ba ya hura wuta sai ya san abin da za a sara."

Daga nan ya ɗauko labarin da duk ɗan ƙasar Rano ya sani, tunda Rano na cikin Hausa Bakwai kuma Sarkin ta ake wa kirari da Autan Bawo. Bayajidda ya biya ta Gaya, maƙera su ka ƙera masa makami. Ya isa Daura, inda macijiyar rijiyar Kusugu ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bai faɗa rijiyar da ihu ba. Guga ya zura, ta kama, ya jawo ta sama, ya fille kan ta.

"To ka gaya mani," in ji tsoho, "takobin ne ya kashe ta, ko igiyar?"

Daren nan yaron bai runtsa ba. Ya yage zanen farko, ya soma sabo: takobi mara nauyi, babu garkuwa, hamilar sa doguwa ce mai ƙugiya a baki. Ya sa masa suna Takobin Guga, ya rubuta dokokin sa guda uku. Na ɗaya, saran sa na yau da kullum ba shi da ƙarfi, ba zai yi wa dodo komai ba. Na biyu, sai mai wasa ya jefa hamila, ya jira dodo ya cafka, ya yi ta ja-in-ja da shi har wuyan sa ya miƙe. A wannan ƙiftawar ido ne kaɗai ake samun sara guda mai raba gardama. Na uku, wanda ya yi gaggawa ya ja kafin lokaci, dodo zai fizge shi ya maka da ƙasa, ga shi ba abin karewa. Wato makamin mai haƙuri ne. Ya lura cewa haka ƙaton takobin wasan ma ya ke: ƙarfin sa jinkiri ne kuɗin sa. Makamin da ba shi da inda ya gaza, ba daɗin riƙewa.

Da safe su ka shiga maƙera. Jika na kan zugazugi, kaka na kan masaba, ƙarfen sifirin na tsohuwar mota na ja a cikin gawayi. Rabon yaron da ya zauna a wurin tun ya na firamare, don a da kunyar a ce masa jikan maƙeri ya ke ji. Kwana huɗu su ka yi, hannun sa duk ya yi bororo.

Da ya kai takobin lokeshin, darakta ya ɗaga shi ya ce, "Wannan ai bai cika ido ba. Ina masu ƙyallin nan?" Ya kawo masa na katako guda goma, aka biya shi, aka ci gaba da aiki.

Takobin Guga dai ya na rataye a maƙerar Kibiya, littafin kuma ya kusa cika, don yanzu dodon ya ke zanawa, da rijiyar sa. Tsoho kuwa duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, sannan ya ƙara da cewa har yau abokin nasa bai biya kuɗin gawayi ba.