Ruwa ba ya tsami banza: maganar kifin da muke ajiyewa a gidajen Yamai

Yau magana ce ta masu ajiye kifi a gida, waɗanda ke da akwatin gilashi a falo da waɗanda suka gina kwamin siminti a tsakar gida don tarwaɗa. Mun fara yawa a Yamai, daga Yantala zuwa Talaje har Harobanda, kuma kukanmu kusan iri ɗaya ne. Kifi na nan lafiya lau wata da watanni, ranar da aka wanke musu akwati aka zuba sabon ruwa garau, washegari sai a tarar sun juya ciki sama. Yara na kuka, kuɗi sun tafi. Wani ya ce baki ne, wani ya ce mai sayarwa ne ya cuce shi. Amma sau da yawa laifin yana cikin ruwan, a wani abu da ido ba ya gani, wanda masana ke kira pH.

To, mene ne pH? Awo ne na tsamin ruwa. Yana tashi daga 0 zuwa 14, lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, kamar lemun tsami da tsamiya. Sama da 7 ɓangaren kanwa ne da ruwan toka. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark mai suna Sørensen ne ya fito da wannan awo a 1909, amma iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da shi a madafa. Ku matsa lemu a zoɓo, za ku ga jansa ya ƙara fitowa. Ku jefa masa kanwa, sai ya yi duhu ya sake kama. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, kowace lamba ɗaya ninki goma ce. Ruwa mai pH 6 ya fi mai 7 tsami sau goma, mai 5 kuwa sau ɗari. Mu a takarda lamba ɗaya muke gani, shi kifi a jikinsa yake jin ninki goman.

Yawancin kifin ruwan daɗi, har da karfasa da tarwaɗa, suna zaune lafiya tsakanin 6.5 da 8.5. Kusa da 4 ko kusa da 11 mutuwa ce. Sai dai abin da ya fi kashe mana kifi shi ne sauyi na farat ɗaya, ko da duka lambobin biyu suna cikin iyaka.

Ga yadda abin yake tafiya. Kifi na fitar da wani guba mai suna amoniya ta kashinsa da ta numfashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe haka. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin matatar ruwa da tsakuwa, su ne ke sarrafa wannan guba. Amma aikin nasu yana barin tsami a baya. Don haka ruwan da ya daɗe ba a canza ba, a hankali yake gangarowa daga 7 zuwa 6, wani lokaci har ƙasa. Idan ya yi tsami sosai, ƙwayoyin nan su ma sai aikinsu ya yi rauni, amoniya ta taru. Abin mamaki, cikin ruwa mai tsami amoniya tana kwance ne, ba ta cika cutarwa ba. Da pH ya hau sai ta farka. A pH 7 abin da ke da guba cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a pH 8 ya kai kusan kashi 5, zafi kuma yana ƙara shi. Ke nan ranar da aka kwarara sabon ruwa mai yawa a kan tsohon, kifi ya sha duka biyu: ga girgizar sauyi, ga gubar da aka tayar.

Mu a Yamai akwai abin da ya ƙara mana. Ruwan famfonmu daga kogin Isa yake zuwa, ana tace shi a Gudel da Yantala, kuma tun farkon 2024 kamfanin NDE ne ke rarraba shi bayan SEEN. Ruwan kogin nan ba shi da gishirin ƙasa da yawa, wato ba shi da abin da zai tare tsami idan ya zo. Irin wannan ruwa yana da daɗin sha, amma a akwatin kifi pH ɗinsa saurin motsi gare shi. Kuma kogin kansa ba hali ɗaya yake da shi duk shekara ba. Da damina Sirba da Dargol da Gorouol suna kawo jan ruwa mai laka, lokacin sanyi kuma ruwan da ya taso daga Gini ne ke isowa. Ruwa mai laka sai an sa masa alif ya kwanta, alif kuwa yana jan ruwa zuwa tsami, sai a daidaita shi. Mai ɗebo daga rijiya ko foraj, ko mai saye hannun 'yan ga-ruwa, shi ma ya sani cewa bidon jiya da na yau ba lallai su zama ɗaya ba.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, ruwa na ƙafewa da sauri. Tururi ne ke tashi, datti da gishiri suna nan. Ciko kawai ba canji ba ne. Ga kuma ɗauke wuta: da injin iska ya tsaya, iskar da kifi ke fitarwa sai ta taru cikin ruwa ta zama ɗan tsami. Inda akwai tsirrai ko gansakuka, da rana suna shanye wannan iska pH ya hau, da dare su ma su fitar da ita ya sauka. Shi ya sa awon asuba da na la'asar kan bambanta, kuma wannan ba abin tsoro ba ne idan tazarar ba ta da yawa.

Me za mu yi? Na farko, mu mallaki takardar awon pH ko ruwan ɗigawa mai canza launi. Mu auna sau ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, mu rubuta a littafi. Mu auna ruwan akwati, mu auna wanda za mu zuba. Na biyu, ruwan famfo ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin ya shiga, warin jabel ya fita. Na uku, mu riƙa canza kashi ɗaya cikin biyar duk mako. Idan akwati ya daɗe ba a taɓa shi ba, a fara da kashi ɗaya cikin goma, a yi ta maimaitawa kwana bayan kwana. Sannu ba ta hana zuwa. Soson matata kuma a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da aka kwashe, don jabel na famfo yana kashe ƙwayoyin nan masu yi mana aiki.

Don Allah kada wanda ya ga lamba ta sauka ya ruga ya jefa kanwa, ko ya ga ta hau ya matsa lemu. Gyaran gaggawa ya fi cutar kisa. Idan ruwa na yawan yin tsami, a daka ɓawon kawa irin wanda masu kaji ke ba kajinsu, a wanke, a ɗaure kaɗan cikin ƙyalle a sa a matata. Shi a hankali yake narkewa, sai ruwa ya nemi tsami. Dutsen ado kuma kafin ya shiga, a ɗiga masa binega: idan ya yi kumfa, zai ɗaga pH. Sabon kwamin siminti shi ma yana ɗaga shi ƙwarai, sai an jiƙa an zubar sau da dama, awo ya tabbatar, kafin a saki 'ya'yan kifi.

Kifin nan ba su da bakin faɗa mana abin da ke damunsu, kuma mu muka ɗauko su muka sa su a gilashi, amanarsu na wuyanmu. Mai littafin awo a cikinmu, ya rubuto mana a ƙasa unguwarsa, ruwan da yake amfani da shi da lambar da ya samu wannan makon. Idan muka haɗa na Gamkalle da na Lazare da na Kirkisoy, sabon shiga zai san irin ruwan da ke jiransa kafin ya sayi kifinsa na farko.