Jita Mai Babbar Murya: Ɗaurinta Da Amfaninta

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya hango jitar da Turawa ke kira bariton a jingine, zai rantse cewa irin jitar nan ce da muka saba gani a hannun makaɗan zamani, domin kuwa tsirkiya shida gare ta, ga wuya, ga ƙugu, ga kunnuwan da ake murzawa. Sai an kaɗa ta sannan kunne zai shaida cewa da bambanci. Muryarta ta fi ta jitar da aka sani kauri, amma kuma ba ta kai ta jitar bes ba, wato mai tsirkiya huɗun nan da ake jin amonta a ƙirji. Tsakiya ta tsaya. Sunan ma daga harshen Girkanci ya samo asali, ma'anarsa sauti mai nauyi, kuma da shi ake kiran muryar namiji wadda ba siririya ba, ba kuma ta can ƙasa ba, irin wadda mafi yawan maza ke da ita.

To, mai karatu zai iya tambaya, in dai kaurin murya ake nema, me zai hana mutum ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa ya huta? Amsar tana cikin abin da makaɗanmu suka daɗe da sani, ko da ba su shiga aji ba. Abu uku ne ke yanke wa tsirkiya muryarta: tsawonta, da kaurinta, da kuma ƙarfin ɗaurinta. Mai kalangu yana matse tsarkiyoyin da ke hammatarsa fata ta ɗame, sauti ya yi sama, in ya saki ya sauko. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ɗan ƙarami ne mai gajeren wuya, shi ya sa muryarsa ke da kaifi, alhali babbar garaya, saboda girman jiki da tsawon tsirkiya, gurnani take yi. Ba wanda ya taɓa sassauta kuntigi ya ce ya zama garaya.

Haka abin yake ga jita. Tsawon tsirkiyar jitar da aka saba, daga inda ta tashi a saman wuya zuwa inda ta sauka a jiki, yakan kai inci 25 da rabi, wasu kuma inci 24 da kashi uku cikin huɗu. An auna kaurin tsirkiyoyin ne daidai da wannan tsawo. Idan aka sassauta su har suka sauko zuwa muryar bariton, ƙarfin ɗaurinsu zai ragu da kusan rabi. Sai ka ji suna ɓarɓaniya a kan 'yan ƙarafunan da aka gindaya a wuya, ka danna kaɗan sauti ya karkace, abin ba daɗin ji. Saboda haka ne maƙera suka ƙara wa bariton tsawon wuya, tsirkiyarta ta kama daga inci 27 zuwa wajen inci 30, suka kuma ɗora mata tsirkiyoyi masu kauri. Da wannan ne take iya sauka ƙasa alhali tana ɗaure tamau.

Yanzu sai mu zo ga ɗaurin kansa, wato saitin tsirkiyoyi. Makaɗan Turai suna kiran sautuka da haruffa, kuma jitar da aka saba, daga tsirkiya mafi kauri zuwa mafi siranta, ana ɗaure ta a kan E, A, D, G, B, E. Ita kuwa bariton, ɗaurin da ya fi yawa shi ne B, E, A, D, F#, B. Ma'ana, kowace tsirkiya ta sauka da taki biyar, in muka ɗauki kowane ƙarfen wuya a matsayin taki ɗaya. Masu dogon wuya sosai kan sauka taki bakwai, su zauna a kan A, D, G, C, E, A. Jitar bes kuwa taki goma sha biyu take ƙasa da jitar da aka saba. In muka koma ga lissafi, babbar tsirkiyar jita tana girgiza kimanin sau 82 a daƙiƙa ɗaya, ta bes sau 41, ta bariton mai ɗaurin B kuwa kimanin sau 62. Ka ga ke nan har a alƙaluma ma tsakiyar ta kama.

Wanda ba shi da na'urar saiti, amma yana da jita ɗaya da ya tabbatar ɗaurinta daidai ne, ba ya cikin matsala. Tsirkiya ta biyar a bariton muryarta ɗaya da ta shida a jitar da aka saba, ta huɗu ɗaya take da ta biyar, ta uku ɗaya take da ta huɗu, ta farko kuma ɗaya take da ta biyu. Sauran biyun sai a yi tsohuwar dabarar nan: a danna tsirkiya ta shida a taki na biyar, a murza kunnenta har ta yi daidai da ta biyar, sannan a danna ta uku a taki na huɗu, a daidaita ta biyu da ita. Shi ke nan an gama.

Abin da ya fi burge mu a nan shi ne, tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin ba ta sauya ba, don haka wanda ya iya jita ba sai ya koma makaranta ba. Yadda ya saba ɗora yatsunsa haka zai ɗora, sautin ne kawai zai fito a ƙasa. In ya kama abin da ya sani da sunan E, zai ji B. In ya kama G, zai ji D. In ya kama C, zai ji G. Sai dai ya riƙe wannan lissafi a ka in yana kiɗa tare da wasu, in ba haka ba kowa ya kama gabansa.

Wannan jita a Amurka ta yi tashe. Wani kamfani mai suna Danelectro, wanda Nathan Daniel ya kafa a jihar New Jersey a 1947, shi ne ya fito da irin waɗannan dogayen jitoci masu aiki da lantarki a cikin shekarun 1950. Kamfani ne na kayan masu ƙaramin ƙarfi, har ma 'yar na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya a cikin kwanson jambaki ake saka ta. A 1961 kamfanin Fender ya fito da tasa mai suna Bass VI, wadda take da tsirkiya shida amma aka ɗaure ta a muryar bes. A birnin Nashville, cibiyar kiɗan karkarar Amurka, masu ɗaukar faifai sun samo wa dangin wannan jita wani aiki na musamman. Babban bes na katako da ake kaɗawa a tsaye yana da amo, amma a ƙaramar rediyo amon nan ɓacewa yake yi. Sai a sa mai doguwar jita ya bi sawunsa sauti bayan sauti, yana danne tsirkiya da gefen tafin hannu, ta riƙa ba da wani ɗan ƙas-ƙas da ke fito da bes ɗin fili. Mai sauraro ba zai ce ga ta ba, amma in aka cire ta zai ji waƙar ta rame.

Wani lokacin kuma takan fito gaba. A waƙar Glen Campbell ta 1968 mai suna Wichita Lineman, ɗan kiɗan nan mai nauyi da ke tsakiyar waƙar da doguwar jitar Danelectro aka yi shi. A 2003 kuwa makaɗin jaz Pat Metheny ya fitar da faifai sukutum mai suna One Quiet Night, ba ganga, ba waƙa, daga shi sai bariton ta katako wadda wata maƙeriya 'yar Kanada, Linda Manzer, ta ƙera masa. Ya yi wata dabara, ya sauya tsirkiyoyi biyu na tsakiya da sirara ya ɗaga muryarsu sama, ta yadda jita ɗaya ta riƙa yin aikin biyu, ƙasa na gurnani sama na amsawa. Faifan ya ci lambar Grammy a 2004.

Sai dai mu da muke koyarwa a sakandare, inda muka fi ganin darajar wannan jita shi ne wurin yaranmu maza. Yaro yakan shigo aji ɗaya da murya siririya kamar sarewa, shi ne kan gaba a waƙar ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta bikin ƙarshen shekara. Kafin ya kai aji huɗu muryar ta buɗe, ta faɗo da kimanin taki goma sha biyu. Waƙar tana nan inda take, makaɗi yana nan inda ya saba kamawa, yaro ya miƙa wuya ya kasa kaiwa, 'yan'uwansa su bushe da dariya. Daga ranar sai ya koma layin baya yana motsa baki, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da murya. Mun ga irinsu da yawa, kuma ba muryar ce ta ɓace ba, wurin zamanta ne ya sauya, kiɗan bai bi ta ba. Ƙwararren makaɗi zai iya juya waƙar zuwa wani sauti, amma mafi yawan masu kaɗa wa yara kamu uku ko huɗu suka sani. In aka miƙa wa irin wannan makaɗi bariton, da kamun nan nasa uku zai sauko da waƙar taki biyar, ya tarar da yaron inda yake.

Daɗin daɗawa, akwai wani ɗan maƙalli da ake kira kafo, wanda ake matse wuyan jita da shi don a gajarta tsirkiyoyi. Shi sama kawai yake kai sauti, ba ya saukar da shi. In aka maƙala shi a taki na biyar na bariton, sai ta koma daidai da jitar da aka saba. Ashe ke nan doguwar na iya yin aikin gajeriyar, gajeriyar ce ba ta iya yin na doguwar, kamar dai riga, wadda tela ke iya ragewa amma ba ya iya ƙara mata tsawo in yadi ya ƙare.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. In aka daki tsirkiyoyin bariton shida gaba ɗaya da ƙarfi, sautukan ƙasa kan cakuɗe su zama kamar kunun da bai ji damu ba, don haka ta fi son a tsince su ɗaya-ɗaya ko a kama uku kawai. In akwai mai bes a wurin, dole su raba gona, kada su riƙa taka juna. Tazarar ƙarafunan wuyanta tana da faɗi, tsirkiyoyin kuma suna cin yatsa, saboda haka ba ita ce ta fara koyon ƙaramin yaro ba. Tsirkiyoyinta ma ba kowane mai shago ke ajiye su ba, wanda ya samu sai ya tanadi na canji. Muna kuma jan kunnen masu karambani: kada a ɗora tsirkiyoyinta masu kauri a kan ƙaramar jita sannan a ɗaure su har muryar da aka saba, domin nauyin zai iya lanƙwasa wuyan, musamman da hunturu, lokacin da katako ke bushewa yana neman dalilin tsagewa.

A taƙaice, ba muna cewa kowa ya yar da tasa ya nemi bariton ba ne. Wanda yake kiɗa cikin taro mai bes da ganga, muryar mawaƙinsa kuma tana sama, jitar da ya saba ta ishe shi. Amma wanda yake kiɗa shi kaɗai yana son sautin ya cika ɗaki, ko makaɗa biyu da suka gaji da maimaita abu ɗaya, ko mai raka mawaƙi mai babbar murya, to ya gwada ta ya ji. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Mu dai abin da muka lura da shi a aji shi ne, in murya ta sauya, kiɗan ne ya kamata ya sauko ya same ta.