Ɗakin Doguwa

A wani fim ɗin Indiya na ga mata suna share gida, suna jera 'yan tsana bisa matakala, dare tara don Durga. Abokaina na dariya, ni ko kakata na tuna, can Dogon Dutsi. In an gama girbi takan share ɗakin Doguwa, ta aje sabuwar ƙwarya. Wata shekara ta ce, "Maigida, je ka sawo man nono." Lokacin na fara Islamiyya, na ce wallahi ba ni taɓa kayan shirka. Ba ta ce uffan ba. Da sandarta ta tafi rugar Filani, sai azahar ta dawo. Yanzu buhunan hatsi ke ɗakin. Ƙwaryar kuwa, kaji ke shan ruwa ciki.