Gwiwa da Maɗaurinta

Ba kowane ciwon gwiwa ba ne karaya. A wajenmu, Gidan Katta ta ƙasar Illela, da zarar ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo ya faɗi ya kasa tashi, sai a ce targaɗe ne, a nufi gidan mai ɗori. Alhali kuwa gwiwa tana da manyan jijiyoyi huɗu masu ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri: biyu a gefe, biyu sun gicciye a ciki. Mai ɗori gwanin ƙashi ne, amma jijiya ba ƙashi ba ce.

Na san haka ne a jikina. Babur ya zame da ni a hanyar kasuwar Illela, jijiyar gefen ciki ta yage. Likita a Sakkwato ya sa mini maɗauri mai ƙarfe a gefe biyu, wanda ke barin gwiwa ta lanƙwashe gaba da baya gwargwadon yadda aka saita shi, amma ya hana ta karkacewa. Mako shida na yi da shi. Tafiyata ta koma ta hawainiya, tsugunno ya gagara, salla ma a kan kujera nake yi. A aji kuwa, na daina kai da komo tsakanin ɗalibai, na lizimci gaban allo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ranar da aka kwance shi: cinyar ta rame, ta kasa 'yar'uwarta kauri. Ashe naman da aka ɗauke wa aiki sanyi yake yi. Maɗauri gadi kawai yake yi har jijiya ta haɗe. Ƙarfin ƙafa sai motsa jikin da likita ya tsara ne ke mayar da shi. Jijiyar gicciye ta gaba kuwa ba kasafai take haɗewa da kanta ba, shi ya sa akan yi wa 'yan wasa aiki.

Ya kai malamin gobe, filin wasa ma ajinka ne. Idan yaro ya ji ƙas a gwiwa, ta kumbura nan take, ko tana sulluɓe masa, kada ka bari a ja ta ko a murɗa. A kai shi asibiti. In ya dawo da maɗauri, kada zumuɗin gasa ya sa ka mayar da shi fili kafin likita ya yarda. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.